Jar fitila a kan RL02: yadda muka ciro bayanan rijiyoyi daga tsohuwar PDP-11 a Garwa

Sana'ata a Garwa gyaran inbata ce da na'urorin daidaita wuta da allunan injinan da suka ƙone. Amma tun ina yaron shago na taɓa sa hannu a kwamfutocin DEC a wajen maigidana, shi ya sa idan irinsu ta ba da matsala a arewacin Kamaru akan ce a nemo ni. Ba su da yawa yanzu. Wadda zan ba da labarinta tana harabar wani tsohon kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse ne, wanda ya yi tashe a shekarun 1980 a ƙauyukan da ke tsakanin Garwa da Gidar da kuma wajen Lagdo. Duk rijiyar da suka haƙa sun rubuta zurfinta, da inda suka ci karo da dutse, da inda ruwa ya ɓullo, da yawan ruwan da take bayarwa a awa guda. Mai kamfanin ya rasu, ɗansa Alhaji ya gaji wurin, yana kuma son komawa sana'ar. Ya gane cewa waɗannan bayanai sun fi ragowar injinan haƙan daraja, domin wanda ya san inda aka taɓa haƙawa aka tashi a tutar babu ba zai sake zuba kuɗinsa a wurin ba. Bayanan kuwa suna cikin wasu manyan faya-fayai a kabad, kwamfutar da ke karanta su ta daina tashi.

Kwamfutar PDP-11/23 PLUS ce, daga zuriyar PDP-11 da kamfanin DEC na garin Maynard a Amurka ya fara fitarwa a 1970. Kamfanin kansa babu shi yanzu: Compaq ya saye shi a 1998, shi ma Compaq ya narke cikin HP a 2002. Saboda haka babu lambar da za ka kira a turo maka injiniya. Abin da ya rage shi ne littattafan gyaran da aka ɗora a rumbun Bitsavers a intanet, da mita, da haƙuri. Tana cikin kabad ɗin ƙarfe mai tayoyi, tare da injinan faifai biyu samfurin RL02. Kowane faifai faranti ɗaya ne mai faɗin inci 14 a cikin gidan roba, yana ɗaukar megabait 10, wato hotuna kaɗan na wayar yanzu sun cika shi. Kowace fuska tana da da'ira 512, kowace da'ira sashe 40, kowane sashe bait 256. Farantin yana juyawa sau 2400 a minti, kawunan karatu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, suna shawagi a kan iskar da juyawar ke haifarwa, ba sa taɓa farantin ko kaɗan. Ratar da ke tsakaninsu da farantin ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce rabin labarin duk wani injin faifai a ƙasar da ake hunturu.

Alhaji ya riga ya yanke hukunci kafin in iso. "Malam, faifan ne ya mutu. Ka ga jar wutar nan." Ya kunna mini, fitilar FAULT ta kama ja a injinan biyu a lokaci guda, ta kuma tsaya a haka. Tare da shi akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba, wanda shi ne ya shigar da bayanan da hannunsa tun farko, ya kuma yi ritaya tuntuni, aka je har gida aka ɗauko shi saboda wannan aiki.

Ganin fitila biyu tare ya sa hankalina ya ɗan kwanta. Inji biyu ba sa mutuwa rana ɗaya da cuta ɗaya, sai dai in abin da suke tarayya a kai ne ya lalace. RL02 ba ya cin gashin kansa: daga katin da ke sarrafa shi a cikin kwamfuta yake karɓar bugun agogon da yake aiki da shi, ta cikin kebul. Da zarar wannan bugu ya yanke, ko don katin bai tashi ba, ko don kebul ya tsinke ko an juya shi, sai ya kunna FAULT ya zauna, alhali shi lafiyarsa lau. Tsakanin bayanan Alhaji da allon kwamfuta akwai abubuwa shida a jere: wuta, layin da katunan ke magana a kai, katin sarrafa faifai, kebul, injin, sannan faifan kansa. A wannan jerin nake bi, daga mai arha zuwa mai tsada, faifan ne na ƙarshe domin shi kaɗai ne ba shi da madadi.

Don haka kafin in kwance ko kusa ɗaya na roƙi a kulle kabad ɗin faya-fayan, makullin ya zauna a aljihun Baba. Alhaji ya ɗan ji haushi, yana ganin ai a gwada ɗaya a gani. Na ce, "Alhaji, idan kan karatu ya taɓa gogar faranti, ya kwashi ɓarɓashi ke nan. Duk faifan da ka sa masa bayan haka zai karce shi. Faifan da aka karce kuma, in ka kai shi inji mai lafiya, zai lalata kan wancan. A haka mutum ke ƙarar da kabad guda a yini ɗaya yana cewa gwaji yake." Baba ya gyaɗa kai, ya ce haka Baturen da ya kafa musu ita ya gargaɗe su.

Wuta ba ta ɗauke mu dogon lokaci ba. Mun fitar da akwatin kwamfutar waje muka busa. Zanzaro ya yi gini a bayan fanka ɗaya har ya tsayar da ita, ƙura kuma ta yi dabe a kan katunan. Ƙananan kafasitocin tace wutar shigowa sun tsattsage, irin masu jikin ruwan zuma ɗin nan da ke fashewa da hayaƙi in sun tsufa, na canza su tun kafin su nuna hali. Layin bolt 5 na auna shi katunan suna ciki, ya nuna 4.6, alhali bai kamata ya sauka ƙasa da 4.75 ba. A bakin akwatin wutar kuwa lafiya yake, ashe a mahaɗar wayoyi ake asarar, ƙarafunanta sun yi baƙi. Yarona ya goge su ya matse, wuta ta dawo daidai. Na kuma duba bayan injinan biyu na tabbatar an saita su a 220 irin tamu, tunda ana iya juya su zuwa 110.

Abin da nake ƙaunar waɗannan kwamfutoci saboda shi shi ne ana iya yi musu tambaya kai tsaye ba tare da faifai ko wata manhaja ba. Na haɗa laftof ɗina da mashigar allon umarni a gudun 9600, na danna HALT, sai alamar @ ta fito. Wannan ita ce ODT, ɗan tsarin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar tun daga masana'anta. Kana rubuta adireshi da alamar /, ta faɗa maka abin da ke wurin. Lambobin duk a lissafin takwas-takwas suke, daga 0 zuwa 7. Na fara da ma'adanar wucin gadi, na rubuta lamba a adireshi 1000 na karanta, ta dawo yadda na sa ta. Sai na nufi katin faifai. Katin RLV12 ne, mai lamba M8061 a hannunsa, kuma babbar rajistarsa, wato gurbin da yake ajiye lambar da ke nuna halin da yake ciki, tana adireshi 774400. Na rubuta 774400/ sai kwamfutar ta mayar mini da alamar tambaya. Ma'anarta ta ƙwanƙwasa wannan ƙofa ba wanda ya amsa. Katin yana zaune a raminsa, amma a wajen kwamfutar kamar babu shi.

Na kashe, na zaro shi. Haƙoran zinaren da ke gindinsa sun yi dishi-dishi, wani gefen ma bai shiga ramin sosai ba, alamar an taɓa zaro shi an mayar a gaggauce. Na goge haƙoran da sinadarin isopropyl da tsumma marar gashi, na danna duk ƙwayoyin da ke zaune a soket da babban yatsa har na ji wasu sun yi ƙas, na mayar da shi na kulle hannayensa biyu. Wannan karon amsar ta zama 000200. A wannan rajista, 200 na nufin katin ya shirya yana jiran umarni. Da injin ma ya shirya da 201 zan gani. To, kati ya farka, amma jar fitila tana nan.

Saura kebul. Daga katin akwai shimfiɗaɗɗen kebul mai waya 40 da ke zuwa bayan kabad, daga nan wani zagayayye mai kauri ya tafi inji na farko, wani ya tashi daga na farko zuwa na biyu, a bakin da ya rage a na biyun kuma akwai toshiyar ƙarshen layi. Kati ɗaya na iya jan inji huɗu a haka, kuma dole na ƙarshe ya kasance da toshiyar nan, in ba haka ba saƙonni su riƙa komowa suna rikita juna. Toshiya tana nan. Muka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da mita, yarona a wancan bakin ni a wannan. A shimfiɗaɗɗen, daidai inda ya lanƙwasa ta bayan akwati inda ido ba ya kai, ɓera ya ci gefensa ya tsinka wayoyi. Na samo irinsa mai waya 40 daga tsohuwar kwamfutar tebur. Mai niyyar yin haka ya lura: a irin na kwamfutocin tebur sau da yawa akwai rami ɗaya da aka toshe, wasu kuma an yanke musu waya ɗaya da gangan, irin waɗannan ba za su yi ba, sai wanda duk arba'in ɗin suka wuce. Jan layin da ke gefe kuma ya fuskanci inda tsohon yake fuskanta. Muka kunna, FAULT ta mutu a duka biyun, fitilar LOAD ta kama.

Alhaji ya ce, "To alhamdu lillahi, a kawo faifan." Na ce da sauran rina a kaba.

Murfin RL02 ba ya buɗuwa sai da wuta, akwai ɗan sakata na lantarki da ke riƙe shi, shi ya sa duk shekarun nan ba wanda ya leƙa ciki. Da na buɗe na farko sai ga faifai a zaune a ciki tun ranar da aka kashe shi. Na ɗaga shi na haska da tocila ta kafar da kawunan ke shiga. A fuskar ƙasa akwai zobe mai ƙyalli, siriri, zagaye da farantin, inda ruwan ƙasa-ƙasan da ke riƙe bayanai ya goge har farin ƙarfe ya fito. A cikin injin kuma ga gari launin ƙasa a kwance. Kan karatu na ƙasa, wanda ya kamata ya zama fari fes, yana da zane baƙi-baƙi a tsakiyarsa. Baba ya leƙa ya yi shiru, can ya ce, "Ranar nan na ji ya yi wani ƙara ƙiii, na kashe da sauri. Ashe shi ke nan." Na ce, "Baba, kashewar da ka yi ita ce ta tsayar da ɓarnar a faifai ɗaya." Na cire wannan injin daga layi gaba ɗaya, na rubuta a jikin faifan da jan alƙalami kada a sake sa shi a ko'ina.

Na biyun kawunansa tsaf suke. Duk da haka na share su a hankali da isopropyl mai ƙarfi, wanda ya haura kashi 90. Na kantin magani mai kashi 70 ruwa ya yi masa yawa, wani ma an sa masa launi ko ƙamshi da ke barin dabbare, ba na kusantar kan karatu da shi. Matatar iska ta waje, ta soso, ta zama gari, muka yanka sabon soso muka sa. Ta ciki, wadda ke tace iskar da ke busawa kan farantin, ba a wanke ta, sai dai a canza. Ina cikin tunanin yadda zan yi sai Baba ya tafi sito ya dawo da sabuwa a cikin ledarta ba a taɓa buɗewa ba, daga akwatin kayan gyaran da aka kawo tare da kwamfutar. Irin waɗannan dattawa su ne rabin littafin gyara.

Lokacin kuwa tsakiyar hunturu ne, hazo ya rufe gari har ba a ganin ƙetaren Binuwai sosai. Ƙurar nan da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta fi gari laushi, tana shiga ta kowace kafa. Muka toshe tagogi da leda, muka goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, muka sa jiƙaƙƙen buhu a gindin ƙofa, na kuma hana shiga da fita da shan taba a kusa. Na bar injin yana kunne babu faifai na wani lokaci don iskarsa ta wanke hanyoyinta.

A gaban kowane RL02 akwai ɗan maɓallin roba mai lamba, shi ne kuma fitilar READY, kuma shi ke gaya wa injin lambarsa. Na zare mai lamba 0 daga mataccen na sa wa mai ran, na mayar da kebul ɗin kati kai tsaye gare shi, toshiya tana wurinta. Na tambayi Baba faifan da in ya lalace ba wanda zai yi kuka. Ya ɗauko wani da ya ce kwafin tsarin aiki ne, akwai irinsa. Na duba ɗan alamar da ke jikin gidan faifan, wadda ke rikiɗa ja idan an taɓa yar da shi, ba ta rikiɗa ba. Na sa shi, na danna LOAD, na ajiye yatsana a kan maɓallin ina saurare. Ya ɗauki gudu, sai ɗan ƙas na fitowar kawuna, sannan sautin iska kawai. READY ta kama. Rajista ta nuna 000201.

Na ƙara yi wa injin tambaya a kan lafiyarsa. Ana sa 13 a adireshi 774404, a sa 4 a 774400, sannan a karanta 774406. Ya ba ni 000235. In ka warware ta: 200 na cewa ni RL02 ne, 20 kawuna suna kan faranti, 10 burushin share faranti ya koma mazauninsa, 5 kuma kan ya kama da'irarsa ya zauna daram. Babu alamar kuskuren juyawa, babu ta makarar nema. Inji lafiya, kati lafiya.

Na sake tayar da kwamfutar, ta gwada ma'adanarta, ta tambaya START? na rubuta DL0, wato ta tashi daga injin faifai mai lamba 0. Shiru. Fitilar READY ko ƙiftawa ba ta yi yadda ya kamata ba, allo bai ce komai ba. Na koma ODT na ba da umarnin karanta sashe ɗaya da hannu, umarnin bai kammalu ba, a ma'adana kuma ba abin da ya sauka.

A nan ne gizo ke saƙar, kuma a nan ne mai gaggawa zai ce kati ya lalace ya fara neman wani daga Turai. Na zauna na kwatanta abin da ya yi aiki da abin da ya ƙi. Tambayar lafiya ta yi aiki, karatu ya ƙi. Bambancinsu ɗaya ne: a tambayar lafiya amsar tana zama a rajistar katin, ni nake zuwa in ɗauka. A karatu kuwa katin ne da kansa yake kwasar bayanai ya zuba a ma'adana, kuma kafin ya yi haka sai ya nemi izinin amfani da layi daga ƙwaƙwalwar kwamfutar. A layin Q-bus, wato layin da katunan ke magana a kai, wannan izini ba ya zuwa wa kowa kai tsaye. Yana fita daga katin ƙwaƙwalwa ya shiga kati na kusa, in ba shi ya nema ba ya miƙa wa na gaba, haka har ya kai ga mai nema. Kamar masu miƙon kwanon siminti ne a wajen zuba kankaren rufi: mutum ɗaya ya fita daga layi, duk na bayansa sai dai su tsaya da hannu a miƙe. Na leƙa jerin katunan. Ƙwaƙwalwa, ma'adana, sai rami fayau babu kowa, sannan RLV12. Tun farko ramin yana gabana, amma rami a tsohuwar kwamfuta ba abin mamaki ba ne sai ka san me ke ƙasansa.

"Baba, da can akwai kati a nan?"

"Akwai. Na firinta ne da allon ofishin maigida. Wani mai gyara da aka kira bayan ta tsaya ya ce zai je ya gwada shi, bai dawo ba."

DEC na da ɗan kati na musamman, M9047, wanda ba ya komai sai miƙa izinin nan ya tsallake rami. Ba ni da shi, ba na kuma bukatarsa: a wannan akwati ramukan a jere suke daga sama zuwa ƙasa, sai kawai na matsar da RLV12 sama ya cike gurbin. Na rubuta DL0, READY ta shiga ƙifce-ƙifce, sai ga sunan RT-11, tsarin aikin kwamfutar, a allo da ɗigon da ke jiran umarni. Baba ya ja kujera ba tare da an ce masa ba, ya rubuta DIR, umarnin nuna jerin fayiloli, da yatsu biyu.

Ban ba da makullin kabad ba tukuna. Na sa kwamfutar ta karanta faifan gwajin daga farko har ƙarshe, aka samu kurakurai nan da can, irin wanda lissafin tantancewar da ke ƙarshen sashe bai dace da abin da aka karanto ba. Na rubuta lambobin sassan, na sake karantawa. Kurakuran suka sake fitowa, amma a wasu wurare dabam. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai. Kuskuren da ke komawa sashe ɗaya kullum, tabo ne a jikin farantin. Wanda ke yawo kuwa, yau nan gobe can, faranti ba shi da laifi, wani abu ne ke kutsawa cikin siginar a hanya: wuta mai rawa, kebul, dattin kai, ko wutar gogayya. Ukun farko na riga na bi su. Na huɗun yarona ne ya tona shi, da ya taɓa jikin kabad ɗin ya janye hannu yana yarfewa, irin tartsatsin nan da ke cizon mutum a ƙofar mota in iska ta bushe.

Faranti mai juyawa cikin busasshiyar iska yana tara wannan wuta, shi ya sa a ƙarƙashin sandar da ke juya shi aka sa ɗan gawayi a kan ƙarfe mai lanƙwasa, yana gogar gindin sandar yana zubar da wutar zuwa jikin injin. Na buɗe ƙasan injin na tarar gawayin ya cinye ya yi santsi, da ƙyar yake taɓawa. Na goge shi, na gyara zamansa har mita ta nuna hanya a buɗe take tsakanin sanda da jikin inji. Sai na bi wayar ƙasa ta ginin, na same ta a bayan ɗaki ɗaure da guntun rodi mai tsatsa a cikin ƙasar da ta bushe ƙamas. Muka kafa sabon rodi mai zurfi, muka zuba gawayi da gishiri da ruwa a ramin. Da muka maimaita karatun, faifan ya wuce daga farko har ƙarshe babu kuskure ko ɗaya, muka sake, haka.

Sannan Baba ya fito da makulli. Dabarar ita ce kowane faifai a karanta shi gaba ɗayansa zuwa laftof, sashe bayan sashe, ba tare da an buɗe fayil ko ɗaya a tsohuwar kwamfutar ba. Na yi amfani da PDP11GUI, manhajar da Jörg Hoppe ya rubuta, wadda ke tura ɗan shiri ta ODT sannan ta janyo abin da ke faifan ta wayar allon umarni. A gudun 9600, kusan bait 960 ke wucewa a daƙiƙa, ke nan megabait 10 awa uku ne a lissafi, a aikace kuma yakan ɗara. Kafin kowane faifai ya shiga sai na danna maɓallin hana rubutu na ga fitilarsa ta kama, kuma faifan ya kwana a ɗakin tukuna don zafin jikinsa ya daidaita da na injin. Ba a sake tsara faifan RL02 a wajen masana'anta, domin alamomin da kan ke bi don ya tsaya a da'irarsa a jikin farantin aka rubuta su tun can, in sun goge sun tafi. Wutar gari ban yarda da ita ba a wannan aiki, kada ta ɗauke kawuna suna kan faranti, sai muka koma janareta ta bayan na'urar daidaita wuta, muna yi da dare da sanyin safiya. Bayan kowane faifai ina haska kawunan in duba kafin in sa na gaba. Kowanne kuma sau biyu na karanta shi na gwada kwafin biyu da juna.

Kwafin na buɗe su a SIMH, manhajar da Bob Supnik, tsohon injiniyan DEC, ya fara, wadda ke kwaikwayon PDP-11 a cikin kwamfutar zamani. Ka gaya mata injin RL02 ne, ka liƙa mata fayil ɗin, ka ce ta tashi daga shi, sai ga RT-11 ɗin nan dai a laftof. Sunan fayil a RT-11 ba ya wuce harafi shida da ƙarin uku, don haka jerin ya fito da GUIDER.DAT da FIGUIL.DAT da PITOA.DAT, sauran garuruwan masu dogon suna kuma an gutsure su yadda Baba kaɗai ke gane su. Ya zauna yana fassara wa yaron Alhaji, wannan na kaza ne, wancan na shekarar da aka yi fari ne, yaron yana juya su zuwa jadawalin zamani.

Faifai ɗaya ne ya ba da kuskuren da ba ya motsi, 'yan sassa a wuri guda duk karatun da aka yi. Sun faɗa a tsakiyar fayil ɗin wasu ƙauyuka na wajen Pitowa, rijiyoyi kaɗan suka ɓace a ciki, Baba ya ce yana da su a tsofaffin rajistocin takarda, za a shigar da hannu. Faifan da ya karce kuwa shi ne na aikin yau da kullum, amma da yake Baba ya saba kwafe shi zuwa inji na biyu duk ƙarshen wata, abin da aka rasa bai wuce na makonnin ƙarshe ba.

Alhaji ya tambaya ko a gyara inji na farkon. Na ce kawunan sai dai na hannu daga Turai ko Amurka, in an samu kuma sai an daidaita ƙarfin siginarsu da na'urar duba igiyar lantarki, ga shi babu abin da zai karanta da ba mu riga mun kwafe ba. Na ba shi shawara ya bar shi a matsayin ma'ajiyar kayan gyaran na biyun, tunda bel ɗinsa da motarsa da allunansa duk lafiya suke. Kwafin bayanan kuma muka yi uku: ɗaya a laftof ɗin ofis, ɗaya a gidan Alhaji, ɗaya aka aika wa ƙaninsa a Ngaundere.